Hawa a Kan Titin Masu Gangarowa: Nazarin Shari'ar Garmisch-Partenkirchen da Ladubban Masu Allo Mai Rabuwa

Garin Garmisch-Partenkirchen yana kudancin Jamus, cikin jihar Bavariya, dab da iyakar Ostiriya, kimanin kilomita 90 daga birnin Munich. Yana zaune ne a gindin Zugspitze, tsaunin da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mai mita 2962. A nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin hunturu a 1936, kuma a nan aka yi gasar duniya ta zamiya a kan dusar ƙanƙara har sau biyu, a 1978 da 2011. Filin zamiyar da ke saman garin, wanda ake kira Garmisch-Classic, ya haɗa yankuna uku, wato Hausberg da Kreuzeck da Alpspitze, yana da titunan zamiya da suka kai kimanin kilomita 40, kuma kamfanin Bayerische Zugspitzbahn ne yake tafiyar da shi. A kan waɗannan tituna aka yi rigimar da ta kai ga kotu ta fayyace ko wanda bai sayi tikitin hawa lif ba, wato na'urar igiya da ke kai masu zamiya saman tsauni, yana da ikon ya hau tsauni da ƙafafunsa ta kan titin da kamfani ya kashe kuɗi ya gyara domin masu gangarowa. Hukuncin ya shafi duk masu hawa, amma wannan nazari ya fi mai da hankali ga masu allo mai rabuwa, wato allon zamiya da ake raba shi biyu domin hawa, domin kayansu sun ɗora musu wani nauyi da masu katako biyu, wato masu zamiya da dogon katako ɗaya a kowace ƙafa, ba su da shi.

Allon da yadda ake hawa da shi

Allon zamiya na yau da kullum faffaɗa ne guda ɗaya, mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kansa yana tsaye a kaikaice, saboda haka gangarowa kawai yake iya yi. Allo mai rabuwa kuwa an tsaga shi gida biyu a tsaye, daga kai zuwa wutsiya, aka sa masa ƙugiyoyin da ke haɗe shi. A farkon shekarun 1990 ne wani mai suna Brett Kobernik ya kai samfurinsa ga kamfanin Voilé da ke Salt Lake City a jihar Utah ta Amurka, kuma a 1994 kamfanin ya fara sayar da kayan da mutum zai tsaga allonsa da su a gida. In za a hau, sai a raba allon, a juya maɗaurin ƙafa ya fuskanci gaba yadda diddige zai riƙa ɗagawa, sannan a manna wa ƙasan kowane ɓari wani dogon ƙyalle mai gashi da ake kira fata. Da can fatar dabbar teku ce ta gaske, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ake yin ta, ko da nailan, ko a gauraya su. Gashin a kwance yake yana kallon baya, don haka allon yana sulɓewa gaba, amma da zarar ya so komawa baya sai gashin ya miƙe ya kama ƙanƙara.

Abin da ya sa masu wannan allo da 'yan'uwansu masu katako biyu suke zuwa filayen kamfanoni, maimakon su shiga tsaunukan da babu kowa, ba boyayye ba ne. Titin kamfani yana da ƙanƙara ko da sama ba ta zubo ba, tun da akwai injinan feshin ƙanƙara, kuma ma'aikata suna kula da hatsarin zaftarewa a lokutan aiki. Mai koyo yana samun wurin gwada kayansa, ma'aikacin ofis daga Munich kuma yana iya zuwa bayan an tashi, ya hau mita 600 da ɗoriya daga kwarin garin zuwa Hausberg cikin awa ɗaya da rabi ko biyu, ya gangaro cikin 'yan mintoci, ya koma gida ya kwana. Da adadinsu ya yi ta ƙaruwa, sai abin da dā ake kawar wa kai ya zama abin magana.

Rigimar da hukuncin

Kamfanin ya kafa allunan gargaɗi da suka haramta wa masu hawa bin titunansa. Hujjarsa biyu ce. Ta farko tsaro: titi an yi shi ne domin tafiya ta fuska ɗaya, kuma wanda yake tafiyar hawainiya zuwa sama a tsakiyar masu zubowa da gudu hatsari ne ga kansa da kuma gare su. Ta biyu ta fi zurfi: kamfanin ya ce titin da aka baje ƙasarsa, aka binne masa bututun ruwa, aka kewaye shi da raga da turakun lif, ya tashi daga zama daji, ya zama filin wasa kamar kowane, mai shi kuma yana da ikon ya ce ga wanda zai shiga.

Wannan hujja ta biyu ita ce zuciyar shari'ar, saboda tsarin mulkin Bavariya na 1946 yana da wani tanadi da ba a cika samun irinsa ba. Sashe na 141, sakin layi na 3, ya halatta wa kowa ya more kyawun halitta ya kuma huta a sararin daji, ya shiga kurmi da makiyayar tsauni, ya bi ruwa da jirgi, ya tsinci 'ya'yan itatuwan daji gwargwadon al'adar wurin, ko da ƙasar ta wani ce. Mutanen jihar har suna yi masa laƙabi da sashen naman kaza, wato laimar kwaɗi, saboda tsintar da ya halatta. Dokar kare halitta ta jihar ita ta zayyana yadda ake amfani da wannan 'yanci da kuma 'yan dalilan da za su sa mai ƙasa ya rufe ta. To, in titin zamiya sararin daji ne, allunan kamfanin sun saɓa doka. In kuwa filin wasa ne, babu abin cewa.

Wani mai hawa ya shigar da ƙara. Abin lura shi ne bai kai kamfanin kai tsaye ba, jihar ya kai, yana neman a tilasta wa hukumar gundumar Garmisch-Partenkirchen ta ba da umarnin cire allunan, aka kuma shigo da kamfanin cikin shari'ar a matsayin wanda abin ya shafa. Kotun da ke sauraron ƙararrakin hukumomi a Munich ta yi hukunci a farkon 2013, aka ɗaukaka ƙara, sannan a ranar 21 ga Nuwamba 2013 babbar kotun irin waɗannan ƙararraki ta Bavariya ta tabbatar da shi. Ta ce titin zamiya, duk da gyara da feshi da lif, yana nan a matsayin sararin daji, don haka ba a hana masu hawa binsa a lokacin da yake buɗe. Amma ta ce rufe shi yayin da ake aikin gyara halas ne, saboda hatsarin da ke cikin aikin. A 2016 Kotun Tsarin Mulki ta Bavariya ta yanke hukunci kan maganar, ita ma ba ta canja komai ba.

Masu hawa sun ɗauki hukuncin a matsayin nasara, kuma nasara ce, sai dai rabinsa na biyu ya fi na farkon muhimmanci ga wanda yake son ya dawo gida da ransa. A ganina kotun ta yi daidai a ɓangarorin biyu, kuma ta yi hakan ne ta hanyar raba hatsarin da mutum yake iya gani ya kauce masa da wanda ba ya gani ko kaɗan.

Igiyar da ba a gani

Da an rufe lif da yamma, sai katafilolin gyaran titi su fito. Manyan motoci ne masu tafiya a kan sarƙa, irin su PistenBully na kamfanin Kässbohrer a Jamus da na Prinoth a arewacin Italiya, nauyin kowace ya kai tan goma ko fiye. Aikinsu shi ne su tura ƙanƙarar da masu zamiya suka kankaro ƙasa da rana su mayar da ita sama, su farfasa dunƙule-dunƙule, su bar titin sumul da ƙananan layuka. A gangare mai tsanani motar ba ta iya hawa da ƙarfin sarƙarta kaɗai, saboda haka direba yakan ɗaura igiyar ƙarfe a wani turke da aka kafa can sama, ya riƙa sakinta yana gangarowa, injin kuma ya naɗe ta yana jawo motar sama. Tsawon igiyar yakan wuce mita 1000, kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, kimanin milimita 11, kuma tana ɗaukar jan da ya haura tan huɗu.

A yi tunanin mai allo da ya taho gangarowa da ƙarfe tara na dare, tocilan a goshinsa. Ya ga hasken katafila can ƙasa, nesa ƙwarai, ko ma bai gan ta ba domin ta sha kwana, sai ya ɗauka titi nasa ne. Abin da bai sani ba shi ne igiyar tana kwance a gabansa. Lokacin da ta saki, takan nutse cikin ƙanƙara har ta ɓace. Da motar ta ja, sai ta fizge ta tashi sama daidai gwiwa ko ƙirji ko wuya, in kuma ta maƙale a bayan wani tudu ko a kwana, sa'ad da ta kuɓuce takan share faɗin titin a kaikaice kamar bulala. Hasken tocilan ba ya nuna baƙin zare mai wannan sirantaka sai an zo kansa, direban kuma yana iya kasancewa kilomita guda daga wurin, bai san da kowa ba, balle ya tsaya. An yi asarar rayuka a tsaunukan Alps ta wannan hanya. Shi ya sa ake sa fitila mai walƙiya da allon gargaɗi a bakin titin da ake wa aiki, kuma dokar Bavariya ta ba ƙananan hukumomi ikon rufe titi tare da cin tarar wanda ya ƙetare. Ga mai allo, akwai ƙarin abu guda: maɗaurin ƙafarsa ba ya sakin ƙafa in an yi karo, saɓanin na katako biyu, don haka duk abin da ya kama allon ya kama mutumin.

Ba igiya ce kaɗai hatsarin dare ba. Akwai tiyo da wayar lantarki na injinan feshi da ake shimfiɗawa a ƙetaren titi, akwai baburan ƙanƙara na ma'aikata, sannan bayan an yi zuba mai yawa akan tayar da nakiya da sassafe domin a zaftaro ƙanƙarar da ta taru a saman tudu kafin jama'a su iso. Wanda ya shiga kafin a buɗe yana iya samun kansa a ƙarƙashin gangaren da ake shirin zaftarowa, masu aikin kuwa sun ɗauka babu kowa.

Ladabin rana, da abin da ya keɓanci mai allo

Da rana kotu ta buɗe ƙofa, amma ba ta ba mai hawa fifiko a kan titi ba. Dokokin ladabi guda goma na Hukumar Zamiya ta Duniya, FIS, waɗanda aka fara amincewa da su a 1967 kuma kotunan Turai suke dogara da su wajen raba laifi in an yi karo, sun ce a doka ta 7 duk mai hawa ko mai sauka da ƙafa ya tsaya a gefen titi. Ƙungiyar masu hawan tsauni ta Jamus, DAV, wadda aka kafa a Munich a 1869 kuma membobinta sun haura miliyan ɗaya, ta fitar da nata ƙa'idoji goma na hawa a kan titin kamfani, kuma su ne ake liƙawa a gindin filaye da yawa. Sun ce a bi gefe, a jera ɗaya bayan ɗaya, kada a yi kafaɗa da kafaɗa ana hira. Sun ce a yi hattara a bayan tudu da wurin da titi ya tsuke da gangare mai tsanani da inda ƙanƙara ta daskare, kuma in dole a ƙetare titi, a ƙetare ɗaiɗai da tazara, a wurin da na sama zai hango mutum.

Wannan magana ta ƙetarewa ita ce inda mai allo mai rabuwa yake shan wahala fiye da kowa. Kowane ɓarin allonsa ya fi katakon zamiya faɗi, takalminsa kuma galibi mai laushi ne, ba ya riƙe idon sawu da ƙarfi, saboda haka a kan titin da aka danne ya yi tauri gefen allon ba ya cizon ƙanƙara yadda ya kamata. In gangare ya yi tsanani fata ta fara zamewa, abin da jiki yake so shi ne ya rage tsananin ta hanyar yin zigizaga, daga wannan gefe zuwa wancan. A tsaunin da babu kowa wannan ita ce dabara, amma a kan titi yana nufin mutum ya gitta gaban masu gudu sau goma maimakon sau ɗaya, da diddige a sake, ba ya iya juyawa da sauri balle ya kauce. Maganin yana cikin jaka: haƙoran ƙarfe da ake maƙalawa a ƙarƙashin maɗauri, da ɗan turken da ke ɗaga diddige. Ana sa haƙoran ne tun kafin a shiga wurin santsi, domin wanda ya jira sai ya fara zamewa ba zai sami inda zai tsaya ya tsuguna ba. In duk da haka abin ya gagara, ya fi mutunci a cire allon a ɗaura a jaka a taka da ƙafa a can gefe, ko a juya.

Sai kuma haɗa allo in an kai sama. Mai katako biyu da ya ƙware yana iya ɓare fatarsa ya kulle diddige cikin minti ɗaya, wani ma ba tare da ya cire katakon ba. Mai allo dole ya tsaya ya kwance ƙafafu biyu, ya zare maɗaurai, ya ɓare fata ya naɗe ta, ya kankare ƙanƙarar da ta daskare a tsagin, ya haɗa ɓarin biyu ya kulle ƙugiyoyi, ya mayar da maɗaurai a kaikaice, ya naɗe sandunansa ya cusa a jaka. Da yatsun da sanyi ya kashe, wannan yakan ci mintoci da dama, kuma duk tsawon lokacin mutum a durƙushe yake, kansa a ƙasa, kayansa a warwatse. Doka ta 6 ta FIS ta hana tsayawa a wurin da ya tsuke ko inda ba a hango mutum, kuma wanda ya durƙusa a bayan tudu ba a ganinsa sai an zo kansa. Haka kuma ɓarin allo ba shi da birki irin na katako. In aka ajiye shi a kan cikinsa bayan an ɓare fata, zai sulale shi kaɗai, ya gangara da gudun da zai iya karya ƙafar yaron da ke ƙasa. Saboda haka ake kifa shi, ko a soka shi cikin ƙanƙara, kuma ake zaɓen wurin haɗawa tun daga nesa, a wajen titi, a fili mai lebur. A gangarowa ma mai allo yana da makahon gefe, wato bayansa, kuma a can ne sau da yawa jerin masu hawa suke, don haka wanda ya san wahalar hawan ya fi kowa cancantar ya waiga kafin ya karya kwana zuwa gefen titi.

Abin da hukuncin bai taɓa ba

Akwai ɓarnar da ba ta kashe kowa nan take, amma ita ta fi ɓata tsakanin masu hawa da ma'aikata. Ƙanƙarar da katafila ta gama gyarawa laushi gare ta, tana bukatar sa'o'i da dama cikin sanyin dare kafin ta haɗe ta yi ƙarfi. Wanda ya bi ta kanta a wannan lokaci yakan bar zurfafan sawu, allo kuwa da faɗinsa da yadda yake yanka kwana ya fi katako tona rami. Da asuba sawun ya daskare ya zama kwari mai tauri, ya kayar da mai tikitin da ya fito da safe, direban da ya kwana yana aiki kuma ya sha zargi. Ƙa'idar DAV ta ce sabon gyara a bi shi ta gefe kawai. Babu ɗan sandan da zai tsaya a kan tsauni da tsakar dare domin wannan, sai dai mutum da kansa.

Haka batun kuɗi. Ruwan feshi da lantarki da man katafila da albashin masu ceto duk daga tikiti suke fitowa, mai hawa kuwa bai sayi tikiti ba, amma in ya karye masu ceton filin ne za su sauko da shi. Tsarin mulki ya ba shi shiga kyauta, bai ba shi wurin ajiye mota kyauta ba, kuma wanda yake kauce wa kuɗin fakin yana tare ƙofar gidajen mutane ba ƙaramin lahani yake yi wa sauran masu hawa ba. Ƙa'idojin DAV sun kuma hana zuwa da kare kan titi, sun nemi a rage hayaniya da haske da magariba da dare saboda namun daji, musamman wasu kajin tsauni da ke tona rami cikin ƙanƙara su kwanta domin tattalin ƙarfinsu, waɗanda kowace firgita take ci musu abin da ba za su iya mayarwa ba kafin bazara.

Zaman lafiyar da aka samu a Garmisch-Partenkirchen da sauran filayen Bavariya ya zo ne ta hanyar tsari fiye da ta hanyar kotu. An keɓe hanyar hawa mai alamomi a Hausberg wadda take raba masu hawa da masu gangarowa a mafi yawan tafiyar, aka kuma ware wasu darare na mako da ake jinkirta aikin katafila a kan wasu tituna, gidajen abinci na kan tsauni su zauna a buɗe, masu hawa su zo da tocilan da tufafi masu ɗaukar haske, su sauka kafin lokacin da aka yanka. Filaye daban-daban sun raba dararen a tsakaninsu, ta yadda mai son hawa kusan kullum yana da inda zai je ba tare da ya shiga titin da aka rufe ba. Tsarin yana aiki ne muddin na ƙarshe ya sauka a kan lokaci, domin direba ba zai ɗaura igiya ba sai ya tabbata titi ya zama wayam, kuma kowane jinkiri daga barcinsa ake cire shi.

Dole a faɗi cewa hukuncin na Bavariya ne kaɗai, domin a kan tsarin mulkinta aka gina shi. A Italiya dokar 2003 ta haramta hawa titi da katako a ƙafa sai da izinin mai filin, kuma dokar 2021 da ta maye gurbinta ta bar wannan ƙa'ida. A Ostiriya wasu filaye suna karɓar kuɗi daga masu hawa. A Amurka, inda filaye da yawa suke kan ƙasar gwamnati bisa izinin hukumar gandun daji, kowane fili yana da nasa tsarin: wasu, kamar Aspen a jihar Colorado, suna sayar da takardar izinin hawa suna kuma ƙayyade hanyoyi da lokuta, wasu kuwa sun hana baki ɗaya. Mai allon da ya saba da Hausberg in ya ƙetara iyaka zuwa jihar Tirol ta Ostiriya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, sai ya karanta allon da ke gindin filin ko ya tambayi ma'aikata tun kafin ya manna fata.